Daɓen laminet ya dusashe? Kafin ka sayi man ƙyalli, leƙa bokitin gugar gidanku

Saura kwana biyar Babbar Sallah uwargida ta tsaya a tsakiyar falo riƙe da mofa, ta ce min, "Malam, wai daɓen nan me ya same shi? Kullum sai na goge shi, kullum kamar an barbaɗa masa toka." Na duba, gaskiyarta ce. Lokacin da muka tare a gidan, wata 14 kafin nan, in aka buɗe taga da safe har inuwar labule kana gani a ƙasa. Ranar kuwa ya yi dishi-dishi, kamar allon aji da yaro ya goge da tsumman da alli ya riga ya cika.

Abin da ya zo min a rai shi ne abin da zai zo wa kowa: daɓe ya bushe, mai yake so. Na biya kasuwa na sayo kwalbar man ƙyalli, irin mai hoton falo yana walƙiya a jikinta, muka shafe falon tas. Ranar Sallah baƙi suka yi ta yabo. Bayan kwana uku duk wanda ya taka sai sawunsa ya fito, ƙura ta riƙa mannewa, in an ja kujera sai ta bar farin layi. Muka ƙara shafawa, abin ya ƙara muni. Ana cikin haka mai gidan ya zo karɓar kuɗin ruwa, ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Malam, sabo fa na ba ka shi." Duk wanda ya taɓa zaman haya a Kumasi ko Akra ya san nauyin wannan magana. Dokar haya ta 1963 ta hana a karɓi kuɗin fiye da wata 6 gaba, amma mu na shekara biyu muka biya, kamar yawancin mutane, kuma ban shirya ƙara kuɗin sabon daɓe a kai ba.

Wani dattijon kafinta da ke unguwarmu ne ya fitar da ni. Ya durƙusa, ya ɗiga sifirit a farin ƙyalle, ya murza wuri kamar faɗin tafin hannu. Ƙyallen ya fito ruwan ƙasa, wurin kuma ya washe kamar ranar da aka shimfiɗa shi. Ya ɗago ya ce, "Malam, daɓenka lafiyarsa ƙalau. Ku ne kuka lulluɓe shi."

Tun daga ranar na fahimci cewa yawancin laminet ɗin da muke cewa ya tsufa bai tsufa ba. Ƙyallinsa na nan a ƙasa, mu ne muke ta ɗora masa abin da ke rufe shi.

Ba katako ba ne, hoton katako ne

Kuskuren yana farawa daga sunan da muke kiransa. A zango za ka ji ana cewa wane ya sa daɓen katako a falonsa, sai mutum ya ɗauka abin da ake yi wa teburin katako shi za a yi masa: a shafa mai ya sha, in ya kwarzane a bi shi da samfefa a sake fenti. Laminet ba haka yake ba. In ka samu guntun falanki ka dubi gefensa, za ka ga hawa huɗu ne aka matse wuri ɗaya. Na ƙasa takarda ce mai tauri da ke hana shi lanƙwasa. Na tsakiya, wanda shi ne kusan duk kaurin, zaren katako ne da aka niƙa aka cuɗa da gam aka danne da zafi. A kansa akwai takarda da aka buga wa hoton katako, ita ce idonka ke gani. Sai na sama, wani siririn rufi garai-garai da bai kai milimita ɗaya ba, na sinadarin melamin, irin wanda ake yin farantan nan masu wuyar fashewa da shi. A cikin rufin an zuba garin alminiyam oksayid, ƙwayar da ake yin samfefa da ita, don ya jure taku.

Wanda ya san fomaika ta kan teburin abinci ya san danginsa. Kamfanin Perstorp na ƙasar Siwidin, wanda dama irin wannan rufin tebur yake yi, shi ya fara mayar da shi daɓe a 1977, ya sayar da shi da sunan Pergo. Ya shiga kasuwannin Turai a 1984, ya isa Amurka a 1994. A da da gam ake haɗa falankan. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanonin Välinge na Siwidin da Unilin na Beljiyam suka fito da bakin da ke sarƙewa da kansa, ka tura ɗaya cikin ɗaya ya kama. Shi ya sa yau kafinta zai iya shimfiɗe falo a wuni ɗaya, kuma shi ya sa ya yi arha har ya iso ɗakunan amare a Aboabo da Nima da Madina.

Wannan rufi na sama ba shi da ƙofofin da zai sha wani abu. Katako na gaskiya yana tsotse mai, shi kuwa melamin duk abin da ka zuba masa a sama yake zama. Mai, kaki, kumfar sabulu, duk nan suke kwanciya su bushe, gobe ka ɗora wani a kai. Kuma ba a kankare shi da samfefa, don in ka cinye wannan ɗan rufi hoton za ka tarar, in ka wuce hoton sai dusar katako.

To mu me muke yi a gidajenmu? Bokiti cike da ruwa, a zuba sabulun gari har ya yi kumfa, a ƙara ruwan ƙamshi, wata ma ta ɗiga bilic. A tsoma mofa a fara daga ƙuryar ɗaki har bakin ƙofa da ruwa ɗaya. Wannan dabara ta siminti ce da tayil, can ta dace. A kan laminet kuwa ruwan ya bushe ya bar sabulu, sabulun ya kama ƙura, washegari a sake jiƙa ƙurar a baza ta ko'ina. Idan ruwan rijiyar burtsatse ne mai gishiri-gishiri, irin wanda ke barin fari a cikin butar shayi, shi ma yana barin nasa. Da hunturu abin ya fi tsanani. Ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi laushi gare ta kamar hoda, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris kullum tana sauka, kuma da ta haɗu da jiƙaƙƙen mofa ta zama siririyar laka. Ke nan mace mai tsafta, wadda ke guga safe da yamma, ita ce daɓenta ya fi saurin dusashewa. Wannan ya ba ni haushi da na gane shi, don wata 14 uwargida tana wahala tana ƙara wa kanta aiki.

Gwajin kafinta

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, yi abin da dattijon nan ya yi. Ja kujerar da ba a cika motsawa ba ka dubi ƙarƙashinta, wannan shi ne asalin kamannin daɓenka. Wasu za su yi mamaki su ga ashe nasu dama ba mai walƙiya ba ne. Da yawa ana yin su ne da fuska mai laushin haske, don su yi kama da katakon da ba a shafa wa komai ba, kuma babu man da zai mayar da irin wannan madubi. Sannan ka zaɓi wuri a kan hanyar da aka fi bi, ka murza shi da farin ƙyalle mai ɗan sifirit, ka bari ya bushe. In ya washe ya yi daidai da na ƙarƙashin kujera, datti ne kawai. In ya tsaya yadda yake, kashe fitila da dare ka kwantar da tocilan waya a ƙasa hasken ya bi fuskar daɓen. Idan ka ga ƙananan layuka birjik kamar an ja tsintsiya a kan yashi, to rufin ne ya kwarzane, wannan kuma maganarsa daban.

Wanke dattin ba wuya, haƙuri yake so. A fara share ɗakin da tsintsiya mai laushi, ba ta kwakwa ba, a bi da busasshen tsumma a kwashe ƙura tas kafin ruwa ya taɓa ƙasa. A samo tawul ɗin nan mai laushi da masu wankin mota ke goge gilashi da shi, guda biyu ko uku. A haɗa ruwan ɗumi lita 4, wato ruwan leda guda 8, da kofin shayi ɗaya na farin khal. Kada a zuba a ƙasa. A sa a kwalbar fesawa a fesa wa tawul ɗin, ko a tsoma a matse shi har sai ya daina ɗiga, a goge falanki uku ko huɗu a bi tsawonsu, nan take a bi da busasshen tawul a murza. Wannan murzar ta biyu ita ce ke fito da ƙyalli, kuma ita ce mutane ke tsallakewa. Da tawul ya yi datti a canja shi. In wuri ya wuce minti biyu bai bushe ba, ruwan ya yi yawa.

Khal ɗin na cire tsohon sabulu ne, sau ɗaya ko biyu, ba na kullum ba. Tsami gare shi, kuma akwai masu ƙera laminet da ba sa son a riƙa amfani da shi. Bayan daɓe ya washe, shara kullum da guga da ruwa zalla sau ɗaya a mako sun isa. Wanda ke da hali ya sayi ruwan gugar da aka rubuta na laminet ne, ya bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, kada ya ƙara don neman ƙamshi.

Namu da muka shafa wa man ƙyalli har sau biyu, khal bai iya masa ba. Yawancin irin wannan mai ruwan roba ne da ke bushewa ya zama fata, kuma abin da ke narkar da shi amoniya ce, wadda ake samu a wasu ruwan goge gilashi. Haka muka bi shi, ni da uwargida, tafin hannu bayan tafin hannu: a fesa kaɗan, a jira kamar minti ɗaya, a murza da tawul, a bi da ruwa zalla, a busar. Asabar biyu ya ci mana, gwiwoyina kuma sun ba da labari ranar Litinin a gaban aji. A buɗe tagogi in za a yi, a fitar da yara. Kuma don Allah kada a haɗa bilic da amoniya, ko bilic da khal, ko a bokiti ko a kan daɓe. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Mata da yawa suna gauraya kayan wanki don su ƙara ƙarfi, wannan kam ba a yi.

Tabo kuma kowanne da maganinsa. Biro, jan farce da kwalli, ɗan sifirit a auduga. Manja ko man miya, ɗigon sabulun wanke-wanke a jiƙaƙƙen tsumma, a bi da ruwa. Kyandir ko cingam, a ɗora ƙanƙara a leda har ya daskare a ɓamɓare da tsohon katin roba. Lalle a goge shi tun yana ɗanye, musamman in ya faɗa a mahaɗa. Soson ƙarfe da toka da garin goge tukunya kuwa, ko kusa kada su zo.

Abin da ba ya dawowa

Akwai ɓarna iri biyu da guga ba ta gyarawa, gara mutum ya sani tun da wuri. Ta farko yashi. Ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, kuma duk wadda ta maƙale a ƙasan takalmi ko ƙafar kujerar roba tana yanka rufin kaɗan-kaɗan, har wurin ya daina mayar da haske. Nan al'adarmu ta cire takalmi a bakin ƙofa ta yi mana rana, shi ya sa za ka ga tsakiyar falo lafiya lau amma taku biyun farko daga ƙofa sun koɗe. A sa abin goge ƙafa a waje, wani a ciki, a manna guntun bargo a ƙafafun kujeru da tebur. In za a matsar da firji ko kabad a ɗaga, kada a ja.

Ta biyu ita ce ruwa, kuma ita ce mai kisa. Saman laminet ba ya shan ruwa, amma mahaɗar falankai tana sha. Da ruwa ya sauka ya tarar da zaren katakon nan na tsakiya sai ya kumbura, bakin falanki ya ɗago, kuma ko ya bushe ba ya komawa. Bakin da ya ɗago shi ƙafa ke fara ci, nan da nan hoton ya goge a bar baƙin layi. A gidajenmu wuraren da wannan ke faruwa sanannu ne: ƙofar banɗaki inda ake fitowa da alwala ƙafa na ɗiga, inda ake ajiye buta, ƙarƙashin firji in an ɗauke wuta ƙanƙara ta narke, da gindin taga da damina. Tabarmar roba a bakin banɗaki da tawul na share ƙafa sun fi kowane magani. Injin guga mai tururi da wasu ke aiko wa iyayensu daga Turai, a bar shi wa tayil, don tururin cikin mahaɗa yake shiga kai tsaye.

Masu ƙananan yara za su ce to in yaro ya yi fitsari fa, a ɗakin da ake salla? Ai dole ruwa ya taɓa wurin. Abin lura shi ne kada ya kwanta. A fara tsane fitsarin da tsumma tas, sannan a bi wurin da ruwa mai tsarki daidai buƙata, a kwashe nan take, a maimaita, a busar. Ruwan da ya yi daƙiƙu a kan daɓe ba ya ɓarna. Wanda aka malala aka tafi aka bari shi ne matsala.

Wata ɓarnar tamu ce ta musamman: kaskon turaren wuta da dutsen guga na gawayi. Garwashi ɗaya ya faɗo, ya bar baƙin tabo da babu abin da ke cire shi. A ɗora kasko a kan faranti ko guntun tayil.

Ƙaramin rami ko kwarzane mai zurfi ana cike shi da kakin gyara mai launi, wanda masu sayar da laminet kan ajiye. A narka a cusa, a share saman da katin roba. Daga tsaye ba a gani, in ka durƙusa za ka gani. Falankin da ya kumbura ko ya ƙone kuwa sai canji, kuma nan sarƙen da na ambata ya yi amfani: tunda ba a manne daɓen da siminti ba, kafinta zai cire katakon gindin bango, ya warware layi-layi har ya isa wurin, ya sa sabo ya mayar. Matsalar ita ce samun irinsa. Launin da aka shigo da shi bana, baɗi ba lallai ka same shi a kasuwa ba. Duk mai shimfiɗa sabo ya sayi kwali ɗaya ƙari ya ajiye a kwance a wuri busasshe. In haya kake, tambayi mai gida ko akwai ragowa tun ranar da ka karɓi makulli.

Saura maganar kwalaben da aka rubuta musu cewa suna dawo da ƙyallin laminet. Ba zan ce ƙarya suke ba. A wurin da rufi ya riga ya kwarzane, suna cike ƙananan layukan su ba da haske na ɗan lokaci. Amma fata ce kake ɗorawa, za ta koɗe a inda ake bi ta zauna a inda ba a bi, dole ka riƙa sabuntawa, wata rana kuma dole ka durƙusa ka cire ta kamar yadda muka yi. Yawancin masu ƙera laminet suna hana shafa kaki ko man ƙyalli, har yakan soke garantin. A ganina, daɓen da ya yi shekaru, wanda dama ana shirin canja shi, ana iya lallaɓa shi da wannan a ci biki ko suna. Wanda bai wuce shekara biyu ko uku ba, kada a soma.

Ga wanda bai saya ba tukuna, ya dubi jikin kwali. Akwai alamar AC da lamba, ma'aunin Turai ne na jure taku. AC3 shi ne na gida mai yawan shige da fice, AC4 da AC5 na shaguna da ofisoshi ne. Gidan da ke da yara shida da baƙi kullum, kada ya sauka ƙasa da AC3 komai arhar da aka yi masa. Kauri yakan kama daga milimita 6 zuwa 12. A bar kwalayen su kwana biyu a ɗakin kafin a shimfiɗa, a tabbatar siminti ya bushe, a sa leda da soso a ƙasa, a bar tazarar kusan milimita 10 a gindin bango, don falankai na buɗewa da damina su tsuke da hunturu. Kafintan da ya matse su da bango, damina ɗaya za ka ga tsakiyar ɗaki ya yi tozo. Kicin da bakin banɗaki kuwa, tayil ya fi, ko irin na roba da ake kira SPC, wanda cikinsa garin dutse ne da roba, ruwa ba ya kumbura shi.

Namu falon ya dawo, ban da falanki biyu na bakin ƙofa da yashi ya riga ya cinye, da wani guda a ƙofar banɗaki da bakinsa ya ɗago. Na kira mai gidan na nuna masa su da kaina. Ya ce yana da ragowar rabin kwali a sito, in biya kafinta kawai. Mun canja ukun a wuni ɗaya, aka rage falanki biyu, suna ƙarƙashin gado.